Zakin Tagulla da Zakin Baka

Babu dabbar da Bahaushe ya ɗora wa girma kamar zaki. Idan sarki ya fito, da sunansa fadawa ke gaishe shi. Idan namiji ya yi abin jarumta, da shi ake kwatanta shi. A tatsuniya kuwa shi ne manyan dawa, wanda sauran dabbobi ke kai wa ƙara. Giwa na biye da shi, sai damisa ƙi sabo, sai ɓauna, sai kura wadda ba a ba ta ajiyar nama. Amma da mai karatu zai tara 'yan firamare a nan Mashi, ko Dutsi, ko Mani, ko Daura, ya tambaye su wa ya taɓa ganin ɗaya daga cikin waɗannan da idonsa, ban da a talabijin ko a waya, da wuya a sami mutum biyu, su ma ɗin gidan zu na Kano aka kai su. Kurar ma sai wadda gardawa ke yawo da ita cikin takunkumi ranar kasuwa.

Wannan ne ya sa a makon nan zan ɗauki mai karatu mu je Faransa ta ƙarni na 19, wurin wasu maƙera da suka ƙare rayuwarsu suna zuba surar namun daji da tagulla. Ba don sha'awar kayan Turawa zan yi haka ba. A cikin labarinsu akwai abin koyi, akwai kuma gargaɗi, kuma dukkan biyun sun shafe mu.

Jagoran waɗannan mutane shi ne Antoine-Louis Barye, wanda ya rayu a birnin Faris har ya rasu a 1875. Ɗan maƙerin zinariya ne, wato a lissafinmu ɗan gidan maƙeran fari, kuma a maƙerar wani mai aikin zinariya ya fara neman abinci yana ƙera 'yan ƙananan dabbobi na ado. A wancan zamani manyan masu sassaƙa na Faransa ba su ɗauki dabba a bakin komai ba. A wurinsu aikin daraja shi ne surar sarki, ko jarumin yaƙi, ko wani daga cikin mutanen tatsuniyoyin Girka da Rum. Da Barye ya kai aikinsa babban baje kolin fasaha na Faris a 1831, surar damisar Asiya tana cin kada, sai wasu suka laƙaba masa suna "animalier", ma'ana mai aikin dabbobi, da nufin raini. Sunan bai hana shi komai ba. Ɗan hakin da aka raina shi ya tsone ido, domin daga baya wannan laƙabi ya zama sunan wata makaranta guda ta fasaha, wadda ta haɗa da Pierre-Jules Mêne, da surukinsa Auguste Cain, da Emmanuel Frémiet, da Alfred Jacquemart, da Isidore Bonheur.

Abin da ya fi jan hankalina game da Barye shi ne yadda ya koyi aikinsa. Bai je dajin Afirka ba. Makarantarsa ita ce gidan namun daji na lambun Jardin des Plantes, wanda aka buɗe a shekarun juyin juya halin Faransa. Can yake wuni gaban keji yana kallon yadda zaki ke kwanciya, yadda yake miƙa, yadda kafaɗarsa ke motsi idan ya ɗaga ƙafa. Idan dabba ta mutu, sai ya garzaya wurin masu feɗe ta, ya auna tsawon ƙashi da kaurin tsoka, ya rubuta adadin a gefen zanensa. A 1829 shi da abokinsa, shahararren mai zane Eugène Delacroix, sun tsaya kan gawar wani zaki suna zana ta gaɓa-gaɓa. Waɗannan takardu nasa masu ɗauke da awo suna nan a ajiye har yau. Saboda wannan naci ne aka naɗa shi malamin zanen dabbobi a gidan tarihin halittu na Faris a 1854, kuma Auguste Rodin, wanda ya zo ya yi suna fiye da kowa a wannan fage, ya zauna ajinsa yana saurayi.

Zamanin ma ya taimake shi, domin mutanen Faransa sun kamu da son dabbobin nesa. A 1827 wata raƙumar dawa da Muhammad Ali na Masar ya aika wa Sarki Charles na Goma kyauta ta isa Faris, bayan an sauke ta daga jirgin ruwa a Marseille an tako da ita a ƙasa. Daga ƙasar Sudan aka kamo ta. Jama'a suka yi ta tururuwar kallonta, aka sa hotonta a kwanuka da tufafi, ta kuma rayu a lambun har 1845.

Aikin da ya ɗaga Barye shi ne surar zaki ya danne maciji da ƙafarsa, ya yage baki yana gurnani. Ya nuna samfurinsa a 1833, aka zuba shi da tagulla a 1835, aka kafa shi a lambun fadar Tuileries, yanzu kuma yana gidan tarihi na Louvre. Mutanen lokacin sun fahimci saƙon ba tare da an fassara musu ba: zakin shi ne sabon sarkinsu Louis-Philippe, wanda ya hau mulki bayan boren watan Yulin 1830, macijin kuwa shi ne fitina. Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga irin wannan magana. Labarin kafuwar sarautar Daura ma a kan maciji ya ginu, macijin rijiyar Kusugu da ya hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Kuma kamar yadda labarin ya zo, maƙeran Gaya ne suka ƙera wa Bayajida makamin da ya sare kansa. Ke nan a can da nan, duk wanda ya so yin magana a kan mulki sai ya aro dabba, kuma a can da nan akwai maƙeri tsaye a bayan labarin.

Yana da kyau mai karatu ya san yadda ake wannan zubi, don ya ga kusancinsa da abin da ke ƙofar gidanmu. Tagulla gami ce ta jan ƙarfe da kuza, kusan kashi tara na farko da kashi ɗaya na biyu, wani lokaci a ƙara wasu ƙarafa kaɗan. Hanyar zubi iri biyu ce. Ta farko ita ce ta kakin zuma: a gina surar da yumɓu, a lulluɓe ta da kaki, a fitar da kowane zane a jikin kakin, a sake rufe shi da yumɓu a bar ƙofa. Idan aka gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai a zuba narkakken ƙarfe ya cike gurbinsa. In ya huce a fasa yumɓun, kuma shi ke nan, ba a sake amfani da wannan mazubi. Da wannan hanya Honoré Gonon ya zuba wa Barye zakinsa. Ta biyu ita ce ta yashi: a danna samfur cikin yashi mai laushi da aka cusa a akwati, a cire shi, a zuba ƙarfe a gurbin. Wannan ta fi sauƙi, kuma samfur ɗaya na iya haifar da ɗaruruwa. Ita ce ta sa ƙananan zakuna da barewa da giwaye na tagulla suka shiga ɗakunan attajirai da ma'aikata a Faransa da Ingila da Amurka. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a Katsina ko Kano ko Maraɗi, ya ga yadda suke narkar da gwangwani da tsofaffin sassan mota su zuba cikin akwatin ƙasa, to ya ga wannan hanya ta biyu da idonsa.

Barye bai ci ribar gwanintarsa yadda ya kamata ba. Mutum ne mai tsanani a kan aiki, ba ya son sakin abin da bai gamsu da shi ba, yana kuma buga lamba a jikin abin da ya zuba. Bashi ya ci shi a 1848, samfuran aikinsa suka koma hannun wanda ke bin sa kuɗi, bai karɓo su ba sai a 1857. Bayan rasuwarsa kamfanin zubi na Barbedienne ya sayi mafi yawansu ya ci gaba da bugawa yana sayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wani dukawa ko marini ko maɗinkin hula na ƙasar nan da ya taɓa ganin aikinsa a shagon birni da ninkin farashin da aka saya a hannunsa ya san wannan karatu.

Sai dai labarin yana da ɗaya fuskar, kuma a nan gargaɗin yake. A shekarar 1830, wadda ta kawo Louis-Philippe, a ita ce sojojin Faransa suka kama birnin Aljiyas. A duwatsun Atlas na Aljeriya da Maroko akwai wani irin zaki mai yalwar geza. A lokacin da maƙeran Faris ke zuba zakuna ana kafa su a lambuna da ƙofofin fada, hafsoshin Faransa na harbin na gaske a Aljeriya, hukuma na biyan lada a kan kowane kai. Wani hafsa mai suna Jules Gérard har laƙabin mai kashe zakuna ya samu, ya zama abin alfahari a ƙasarsu. Zuwa wajajen tsakiyar ƙarni na 20 zakin Atlas ya ƙare a daji ƙaf. Yau a birnin Oran na Aljeriya akwai zakuna biyu na tagulla a ƙofar ginin hukumar gari, aikin Auguste Cain. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Alƙahira sun san zakuna huɗu da ke bakin gadar Kasrun Nil, aikin Jacquemart. Tagulla ta zauna, mai ran ya tafi.

Kada kuma a manta da irin hoton da waɗannan ayyuka suka dasa a zukatan Turawa. Kusan kullum dabbar tana cikin kisa ne ko ana kashe ta, har Frémiet ya ƙera goggon biri ya saɓi mace zai gudu da ita. Wanda ya tashi yana ganin Afirka a matsayin dajin da babu komai sai farauta da cizo, ba zai yi wuyar yarda cewa ana bukatar a je a hore ta da bindiga ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa ta arewa da mu, ta yi ɓarna a Birnin Ƙonni da garuruwa masu yawa, kafin a kashe jagororin nata biyu a kusa da Tasawa. Abin da suka aikata babu naman dajin da ya taɓa aikata irinsa.

To mu fa? Kada wani ya zaci zubin tagulla ilimin Turawa ne da bai taɓa zuwa nan ba. Mutanen Igbo-Ukwu sun yi zubi da kakin zuma tun wajajen ƙarni na 9 zuwa na 10. Ife da Bini sun yi nasu, kuma damisoshin fadar Bini suna cikin kayan da sojojin Ingila suka kwashe a 1897. A ƙauyen Tada na ƙasar Nufe, bakin kogin Kwara, an sami surar giwa da ta manyan tsuntsaye masu kama da jimina. Mutanen Riruwai sun san narkar da kuza tun kafin Bature ya kafa kamfani a Jos. A nan maƙwabtanmu kuwa, a Durɓi ta Kusheyi cikin ƙasar Mani, akwai kaburburan tsofaffin sarakuna da Palmer ya fara tonawa a 1907 zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka sake tono a 1992 ƙarƙashin jagorancin Dierk Lange na Jamus. An sami mundaye da tasoshin ƙarfe, da zinariya, da hauren giwa, da wuri, da duwatsun ado, wasu aikin gida, wasu daga Gabas ta Tsakiya, masu shekaru daga wajajen ƙarni na 13 zuwa na 16. An kai kayan birnin Mainz aka gyara su, aka dawo da su Nijeriya a 2014. Ina so mai karatu ya tsaya a kan hauren giwar nan. Sarakunan da aka binne a kusa da mu da haure a jikinsu sun rayu ne a ƙasar da giwa ba labari ba ce.

Na san abin da ke ran wasu masu karatu, kuma suna da hujja. Malamanmu sun yi magana mai nauyi a kan ƙera surar abu mai rai, kuma wannan ne ya sa fasahar Bahaushe Musulmi ta bi wata hanya: zanen bango, da dagi, da aska takwas a wuyan riga, da adon sirdi da linzami da likkafa, da zayyanar allo. Ba na kiran kowa ya kafa gunkin zaki a shataletalen Mashi ko a Kangiwa. Abin da nake cewa shi ne mu ma mun ƙera zakinmu, sai dai da harshe muka zuba shi, cikin kirari da karin magana da tatsuniya da sunayen sarauta. Kuma abin da ya sami Faransawa a Aljeriya shi ke samunmu a gida: surar ta rage, dabbar ta tafi. Bambancin kawai, tagulla na iya shekara dubu a ajiye, amma kalma idan aka rasa abin da take nufi, tsara biyu ta ishe ta mutuwa.

Ga alƙaluma. Binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma gaba ɗaya kimanin 400 ne, kuma a Nijeriya wurare biyu kaɗai aka tabbatar da su, Yankari da Kainji, adadinsu bai kai 50 ba. Har zuwa ƙarshen ƙarnin jiya ana ganin giwaye a dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi, wanda ke haɗe da dazuzzukanmu na yamma. Dajin Rugu kuwa, da aka keɓe don itatuwa da kiwo da namun daji, kowa ya san da abin da ake ambatonsa yanzu. Harshenmu ya bambanta barewa da gada, da gwanki, da kanki, da mazo, da mariya. Matashi nawa ne yau zai iya faɗin bambancinsu? Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma babbar makarantar da ta fara a Katsina a 1921 ta ɗauki sunan Barewa daga baya, amma ita barewar sai an yi tafiya mai nisa kafin a ga sawunta.

Abin da nake ganin ya kamata a yi bai fi ƙarfinmu ba. Na farko, a yi wa tsofaffin mafarautanmu abin da Barye ya yi wa gawar zaki, wato a zauna a auna, a rubuta. A ƙauyukanmu har yanzu akwai dattawan da suka san sawun kowace dabba, da kukanta, da abincinta, da lokacin haihuwarta, da sunan fadamar da take shan ruwa. Sassan Hausa da Tarihi da Nazarin Halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma suna tura ɗalibai aikin bincike kowace shekara. Wayar hannu ta isa ɗaukar murya. A haɗa abin da aka samu a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, a fitar da ƙaramin littafi na 'yan firamare. Kowane dattijo da aka kai makwancinsa ba a ɗauki maganarsa ba, an binne wani yanki na dajin tare da shi.

Na biyu, a dubi maƙera. Faransa ta ɗauki ɗan maƙerin zinariya ta ba shi aji a gidan ilimi. Me zai hana kwalejojin kimiyya da fasaha na Katsina da Daura su gayyaci maƙeran fari da masu zubin tukwane su koyar, su ma a koya musu auna zafi da gamin ƙarafa? Gwamnati da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi suna raba allunan lambar yabo na roba da gilashi a kowane taro. Da za a mayar da wannan ciniki wurin maƙeranmu, a riƙa ba da tasa ko takobi ko likkafa ta tagulla mai ɗauke da sunan wanda ya ƙera ta, da an raya gidaje masu yawa. Wanda ya kalli kayan dawaki a Hawan Magajiya a Daura ya san hannun bai mutu ba, kasuwa ce ta yi ƙaranci. A kuma riƙa kai yaran makaranta gidan tarihi na Katsina da Durɓi ta Kusheyi, domin gani ya kori ji.

Na uku, kuma mafi wuya, a kare abin da ya rage da rai. Kada a ce ba zai yiwu ba, domin maƙwabtanmu sun gwada. A 1996 raƙuman dawa 49 kacal suka rage a yankin Kure na Jamhuriyar Nijar, su ne na ƙarshe a Afirka ta Yamma. Hukuma ta hana harbinsu, aka jawo manoman yankin cikin aikin, aka ba wasunsu aikin rakiyar baƙi. Adadin ya haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji a jihar Maraɗi. Mu a nan ba za mu dawo da zaki gonakin Mashi ba, kuma babu manomin da ke fatan haka. Amma hana ƙona daji, da taƙaita saran itace don gawayi, da barin kurmi ɗaya a kowace gunduma ƙarƙashin idon hakimi da dagatai, zai dawo da zomo da gada da zabin daji da tsuntsayen da muka daina jin kukansu. Daga nan ake farawa, tun ran gini tun ran zane.

Allah Maɗaukaki ya ba mu amanar ƙasa da abin da ke cikinta, kuma za a tambaye mu. Faransawa sun bar wa Aljeriya zakunan tagulla a ƙofar ofis. Idan muka ci gaba a yadda muke, abin da za mu bar wa jikokinmu bai kai wannan ba ma: za su ji fadawa na cewa "Zaki!" su zaci wani suna ne kawai na sarki. Allah ya sa mu farga da sauran lokaci, ya kuma kai mu mako mai zuwa lafiya.